Tambaya da Amsa: Shekara Uku Ina Shirin Buɗe Shago, Har Yau Ina Nan Inda Nake

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni matashi ne ɗan shekara 28, mazaunin Daura. Na gama NCE, aiki bai samu ba, sai na koma koyon ɗinki, yau shekarata biyar a ƙarƙashin maigidana. Burina in buɗe shagon kaina, kuma shekara uku ke nan ina wannan shiri. Sau biyu ina tara kuɗi suna narkewa: na farko sun tafi a jinyar mahaifiyata, na biyu kuwa kafin su kai, farashin keken ɗinki ya tashi ya bar ni. Yanzu jikina ya mutu. Ina ganin sa'o'ina a Facebook suna ci gaba, ni kuwa ko littafin da nake rubuta tsarina ba na son buɗewa. Kowa sai ya ce in kyautata zato. Yaya zan yi ƙwarin gwiwata ya dawo?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƙanena. Allah ya ƙara wa mahaifiyarmu lafiya, ya saka maka da alheri a kan ɗawainiyar da ka yi da ita. Kuɗin da suka tafi a jinyar uwa sun isa inda ya fi dacewa da su, saboda haka ka cire su daga cikin abubuwan da kake lissafawa a matsayin faɗuwarka. Tashin farashi ma ba kai ka jawo shi ba, domin tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, duk mai tara kuɗi a asusu ya ga yadda abin da yake hari ke ƙara yi masa nisa. Waɗannan biyun sun fi ƙarfinka. Littafin nan da ka rufe shi ne yake hannunka, kuma a kansa nake so mu tsaya.

Abin da ya same ka sananne ne a fannin nazarin halayyar ɗan Adam. A shekarar 1967 wasu masana biyu a Jami'ar Pennsylvania ta Amurka, Martin Seligman da Steven Maier, sun yi gwaji da karnuka. An riƙa ɗan jan karnukan da wutar lantarki, wasu suna iya tsayar da ita idan suka danna wani allo, wasu kuwa duk abin da suka yi ba ta tsayawa. Da aka mayar da su wani akwati mai gajeren shinge wanda tsallake shi kaɗai ya isa su tsira, waɗanda suka saba da iko suka tsallake, yawancin ɗaya rukunin kuwa suka kwanta suna kuka, alhali hanya a buɗe take. A 2016 mutanen nan biyu suka sake bitar aikinsu bisa abin da aka gano game da ƙwaƙwalwa, suka ce sakin jiki shi ne halin da mai rai ke faɗawa ciki da kansa idan wuya ta daɗe, abin da ake koya shi ne sanin cewa motsin mutum yana canza wani abu. Ka lura da wannan da kyau. Sau biyu ka yi ƙoƙari, sau biyu ƙoƙarin bai haifar da komai ba, sai zuciyarka ta yanke cewa motsi da zama duk ɗaya ne. Lallashi ba ya warware irin wannan hukunci, sai zuciyar ta ga hujja da idonta, wato ka yi wani abu, komai ƙanƙantarsa, ka ga ya tabbata. Saboda haka kada ka zauna jiran ƙwarin gwiwa ya zo kafin ka tashi, domin a bayan aiki yake biyowa.

Masu ce maka ka kyautata zato sun faɗi gaskiya, sai dai maganar tana bukatar rarrabewa. Kyautata zato ga Allah abin nema ne, kuma hadisin da Imamu Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira ya haɗa shi da motsi: Manzon Allah (SAW) ya umarci mumini ya yi kwaɗayin abin da zai amfane shi, ya nemi taimakon Allah, kada ya gajiya, idan kuma wani abu ya same shi kada ya ce da na yi kaza da kaza ya faru. Akwai kuma wani abu da ke kama da kyautata zato alhali mafarkin ido biyu ne: ka kwanta a tabarma bayan isha'i kana hango shago da allon sunanka, kekuna huɗu a jere, yara suna guga, har ka ji daɗin a ranka kamar an gama. Wata masaniya Bajamusa, Gabriele Oettingen, ta daɗe tana nazarin wannan. A binciken da suka wallafa ita da Doris Mayer a 2002, sun bi ɗaliban da ke dab da gama jami'a, suka tarar waɗanda suka fi nishaɗantuwa da hoton nasara a zuci su ne suka aika takardun neman aiki kaɗan, kuma su ne suka fi ƙarancin samun tayin aiki, yayin da waɗanda suka ɗora tsammaninsu a kan abin da suka taɓa iyawa suka fi dacewa. Dalilin a bayyane yake: wanda ya riga ya ɗanɗani daɗin abu a zuciyarsa, yunwar nemansa takan ragu. Shawarar da ta fitar ita ce mutum ya hango burinsa, sannan nan take ya juyo ya dubi abin da ya tare masa hanya, ya kira shi da sunansa.

To, bari mu kira naka da sunansa. Kalmar shago da kake ta nanatawa ƙunshi ce mai kaya da yawa: kuɗin haya na shekara, keke, injin surfani, teburin yanka, dutsen guga, janareta ko sola, sannan masu kawo ɗinki. Ka ɗaure su duka a ƙulli ɗaya, ka ce sai ka ɗaga shi gaba ɗaya, da ya gagara sai ka ce kai ne ba ka da ƙarfi. A ganina, cikin waɗannan duka guda biyu ne kawai ke mayar da mutum tela mai cin gashin kansa, wato keke da mutanen da suka yarda da hannunsa. Keke ɗaya na ƙafa a zauren gidanku ba ya bukatar haya, ba ya bukatar wuta, kuma teloli da yawa da ake ji da su a Daura da Katsina daga zaure suka faro. Idan sabo ya yi tsada, kan tsohon keke mai lafiya yana ɗinki daidai da sabo. Tunda kuma ka ga yadda kuɗin ajiya ke zagwanyewa, ka daina tara su har sai sun isa komai da komai. Da zarar sun kai kuɗin abu ɗaya, ka saye shi ka ajiye, yau almakashi, gobe dutsen guga, domin almakashin da ke cikin akwatinka tashin farashi ba ya taɓa shi. A misali, wanda yake zuba naira 500 a adashi kwana shida a mako, yana da 3,000 a mako, 78,000 a wata shida. Ka sa adadin da ya dace da samunka, muhimmin abu shi ne ka san ranar kwasarka, ka kuma san abin da za ka saya a ranar.

Na taɓa zama da wani matashi kafinta a Katsina wanda ya zo mini da irin kukanka. Ya ciro wata takarda da ta sha ninki har ta fara yagewa, a jikinta ya jera abubuwa goma sha huɗu da yake bukata kafin ya tsaya da ƙafarsa. Na ba shi biro na ce ya soke duk wanda ba zai iya taɓawa a cikin makon nan ba. Ya yi ta sokewa yana jan tsaki, har saura layi ɗaya: ya je ya tambayi kuɗin zarto da guduma. Ya dube ni ya ce, "Malam, wannan ai ba komai ba ne." Na ce masa shi ya sa zai yiwu. Da ya dawo bayan mako guda bai zama mai kuɗi ba, amma ya zo da farashi a rubuce, ya kuma samo wanda zai sayar masa da tsohuwar guduma, muryarsa ma ta canza.

Ƙaramin aikin ma sai an ɗaure shi da lokaci da wuri, in ba haka ba gobe za ta yi ta haihuwar gobe. Masanin halayya Peter Gollwitzer ya bayyana a 1999 cewa wanda ya ƙulla niyyarsa da sigar "idan kaza ya zo, zan yi kaza" ya fi cika ta a kan wanda ya tsaya a "ina so in yi". Mu kuwa Allah ya hutar da mu neman abin ɗaurawa, domin salloli biyar sun riga sun yanka mana yini. Maimakon ka ce za ka fara neman keke, ka ce: idan na idar da sallar la'asar ranar Asabar, zan wuce wurin mai gyaran kekuna in tambaye shi ko akwai na sayarwa. Idan kuma wata rana ta kuɓuce maka, kada ka rushe ginin duka. Phillippa Lally da abokan aikinta a Landan sun bi mutum 96 da ke ƙoƙarin kafa sabuwar ɗabi'a, suka ga lokacin da take ɗauka kafin ta zauna ya kama daga kwana 18 zuwa 254, tsaka-tsakinsa kwana 66, kuma tsallake rana ɗaya bai ɓata tafiyar ba. Hadisin Nana A'isha da ke cikin Bukhari da Muslim ya riga ya sanar da mu cewa aikin da Allah ya fi so shi ne wanda aka dawwama a kansa ko da kaɗan ne.

Game da Facebook ba zan tsawaita ba. Hoton buɗe shago ake sakawa, ba a saka takardar bashin da aka ci. Ka rage leƙawa na wata ɗaya, musamman da dare.

Akwai abin da ba ka ambata ba, kuma ina zaton ya fi kuɗi yi maka nauyi: shin maigidanka ya san da wannan buri? Matasa da yawa suna fakewa da rashin jari alhali kunyar tunkarar maigida ce ta riƙe su, suna tsoron a ce sun yi butulci. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Ka same shi a gida cikin ladabi, ko ka nemi wani dattijo da yake jin nauyinsa ya raka ka, ka gode masa a kan shekara biyar ɗin nan, ka nemi albarkarsa da shawararsa. Ka roƙe shi idan azumi ya kama, ɗinkin salla ya yi masa yawa kamar yadda yake yi wa kowane tela, ya riƙa tura maka ragowar aiki ka yi a gida da sunansa. Ta nan ne masu kawo ɗinki za su fara sanin hannunka ba tare da kun ɓata da shi ba.

Kalmar da ka yi amfani da ita, cewa jikinka ya mutu, ba zan wuce ta ba. Idan baƙin cikin ya kai mako biyu ko fiye kusan kullum, barci ya lalace, abinci ya fita ranka, abubuwan da kake jin daɗinsu a da sun daina yi maka daɗi, to wannan yana iya zama ciwon damuwa, wanda cuta ce kamar sauran cututtuka, ba raunin imani ba, kuma ana maganinta. Ka je asibiti a Daura ka gaya wa likita yadda ka gaya mini, ko ka nemi a tura ka Asibitin Koyarwa na Tarayya da ke Katsina. A duba har da jininka, domin ƙarancin jini ma yana kawo kasala. Idan har tunanin cutar da kanka ya taɓa zo maka, ka faɗa wa wani na jikinka a ranar, ku tafi asibiti tare. Allah ya sa albarka a hannunka, ya ba mahaifiya sauƙi mai ɗorewa.