Sabuwar waya ta zame min baƙuwa

Tambaya: Assalamu alaikum. Ɗana ne ya sayo min sabuwar waya da Babbar Sallah, ya karɓe tsohuwar da na yi shekara shida da ita. Tun ranar ban ji daɗinta ba. Maɓallan nan uku na ƙasa babu su, rubutu ƙanana kamar ƙwayar gero, ramin da nake soka abin kunne in ji tafsiri shi ma babu. Shekaranjiya kuma jikata ta taɓa wani abu, waya ta kama surutu da Turanci, duk abin da na taɓa sai ta faɗi sunansa, amma ta ƙi buɗewa. Nauyin yaron nake ji in ce ya maido min tsohuwata. Mece ce shawara?
Wata uwa daga Tudun Wada, Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam, Hajiya. Allah Ya yi wa ɗanki albarka. Kada ki nemi tsohuwar tukuna, domin uku daga cikin koke-koken nan huɗu ba za su ci minti goma ba.

Mu fara da surutun, don shi ya fi tayar da hankali. Ba lalacewa wayar ta yi ba. Abin da jikarki ta kunna sunansa TalkBack, an yi shi ne saboda makafi: taɓawa ɗaya ta gaya maka abin da ke ƙarƙashin yatsanka, sai ka taɓa sau biyu da sauri kafin ta buɗe, jan shafi kuwa sai da yatsu biyu. A yawancin wayoyin Android, idan kika danne maɓallin ƙara murya da na ragewa tare na kamar daƙiƙa uku, zai mutu. In ya ƙi, a shiga saitin waya da wannan taɓawa biyun, a nemi inda aka rubuta Accessibility, a kashe shi a can. Haka ta faru da mahaifina. Har kasuwar wayoyi ta Farm Centre da ke Kano na kai wayarsa ina shirin biyan kuɗin gyara, wani yaro ya danne maɓallan biyu ya miƙo min yana dariya, ko sisi bai karɓa ba. Na dawo gida ban gaya wa tsohon yadda aka yi ba.

Maɓallan ƙasa kuma suna nan, ɓoye su aka yi. Tun fitowar Android 10 a 2019 aka kawo salon shafa gilashi daga gefe ko daga ƙasa. Matasa sun saba, amma ni ban ga dalilin da za a tilasta wa hannun da ya yi shekara shida yana danna wuri ɗaya ya koma makaranta ba. A Samsung suna ƙarƙashin Display, sai Navigation bar. A Tecno da Infinix galibi a duba System. A zaɓi maɓalli uku, shi ke nan.

Girman rubutu yana cikin Display ɗin nan, a ja shi har sai kin karanta ba tare da kin matse ido ba. WhatsApp ma yana da nasa daban a ƙarƙashin Chats, a sa shi a babba.

Ramin abin kunne ne ba ni da dabararsa. Apple ya cire shi a iPhone 7 a 2016, wasu kamfanoni suka bi sahu. Sai dai a sayo ɗan guntun mahaɗi da ake sokawa a ramin caji, ki haɗa tsohon abin kunnenki a jikinsa. Amma a tafi da wayar kasuwa a gwada kafin a ba da kuɗi, don ba kowanne ne ke aiki da kowace waya ba. Na Bluetooth ba laifi, illa shi ma cajin yake nema, kin kuwa san halin wutarmu.

Ranar da ɗanki zai zauna yin gyaran nan, Hajiya, wayar ta kasance a hannunki, shi ya riƙa nuna miki da baki. In kika bar masa ita zai gama kafin ki gyara zaman tabarau, kuma jikar nan tana nan ba ta koma ko'ina ba.