Tambaya da Amsa: Labarina Ya Tsaya a Babi na Tara

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni matar aure ce a unguwar Gwammaja, kuma yau wata huɗu ke nan labarin da nake rubutawa ya tsaya cik a babi na tara. Kullum bayan sallar isha'i nakan ɗauki biro da littafina, amma sai in ji kaina ya ɗaure, in kasa ƙara ko layi ɗaya. Wata ƙawata ta ce in nemi 'yan'uwa marubuta, ni kuwa ina tsoron a sace mini labarin ko a yi mini dariya. Wace shawara za ka ba ni?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malama. Ƙawarki ta yi gaskiya, kuma shawararta tana da tushe a garin nan. Adabin da ake kira na kasuwar Kano bai tsaya da ƙafarsa ba sai da marubuta suka haɗa kai tun wajen ƙarshen shekarun 1980, inda ƙungiyar Raina Kama ta haɗa irin su Ado Ahmad Gidan Dabino da Hajiya Balaraba Ramat Yakubu, suna tallata littattafan juna a cikin nasu. A yau akwai reshen ƙungiyar marubuta ta ƙasa, wato ANA, a nan Kano, akwai kuma ƙungiyar mata marubuta ta Mace Mutum, ban da zaurukan WhatsApp da matar aure za ta iya shiga tana daga ɗakinta.

Sai dai abin da za ki nema wurinsu shi ne ya fi muhimmanci. A ganina, yawancin lokacin da alƙalami ya ƙi tafiya, ba kalmomi ne suka ƙare ba, marubuciya ce ta kai inda ba ta san abin da tauraruwar labarinta take so ba. Saboda haka ki zaɓi mutum biyu kacal, waɗanda kika yarda da amanarsu kuma suka taɓa kammala littafi, ki ajiye takardar gefe, ki ba su labarin da baki kamar yadda ake ba da tatsuniya. Ki roƙe su kada su yaba, kada kuma su gaya miki yadda za ki ƙarasa. Aikinsu tambaya kawai. Na taɓa zama a irin wannan zama inda wata marubuciya ta kawo labarin amaryar da ta yi yaji, ta maƙale a nan watanni, sai wata ta tambaye ta: “To, da ta isa gida, wa ya fara buɗe mata ƙofa, mahaifiyarta ko kishiyar mahaifiyarta?” Ta yi shiru, ta jawo jakarta ta ciro biro, ta soma rubutu a bayan wata takardar gayyatar biki tun ba a tashi ba.

Game da satar fasaha, tsoronki yana kan hanya, domin ana yi. Kada ki zuba babi takwas ɗin nan a zauren da ba ki san mutanensa ba, ki kuma adana kwafin rubutunki mai ɗauke da kwanan wata, ko da ta hanyar aika wa kanki ne ta imel.

Sannan ki sa wa kanki wa'adi a gabansu, ki ce ranar Juma'a mai zuwa za ki kawo shafi biyu, komai rauninsu. Idan babi na tara ya ci gaba da turjewa, ki tsallake shi ki rubuta wurin da ya fi tsaya miki a rai, ko da shi ne ƙarshen labarin, ki kai musu shi a ranar da kuka yi alkawari.