Sisi, taro da sule: daga ina suka zo?

Tambaya: Malam, kakata takan ce "ko sisin kwabo ba ni da shi." Shin sisi Hausa ce ko aro? Kuma me ya haɗa sisi da kwabo? Daga wata ɗaliba a Zariya.

Amsa: 'Yata, aro ce daga Turanci, amma tsohon Turancin da yaran Ingila na yau ba sa jin sa a kasuwa. Kafin 1971, fam ɗaya a Ingila sule ashirin ne, sule ɗaya kuma kwabo goma sha biyu. Sule daga shilling ya fito, taro daga threepence, wato kwabo uku, sisi kuma daga sixpence, kwabo shida. Shi kwabo kansa daga copper ne, jan ƙarfe, sunan da Turawa ke kiran ƙananan tsabar kuɗinsu da shi. A watan Fabrairun 1971 Ingila ta koma lissafin ɗari-ɗari, wato fam ɗaya ya zama sabon kwabo ɗari, sai kalmomin suka fara mutuwa a bakin masu su. Mu kuwa da naira ta zo a 1973, muka ci gaba da kiran kwabo goma sule.

Maganar kakarki ita ce ta fi burge ni. Tunda sisi rabin sule ne, sai Bahaushe ya ɗauki kalmar ya ba ta ma'anar rabi, ya ce sisin kwabo, wato rabin kwabo. Bature bai taɓa yin haka da sixpence ba, wannan aikin harshenmu ne. Saboda haka in tsohuwa ta ce ko sisin kwabo ba ta da shi, tana nufin aljihunta wayam. Ki riƙa zama kusa da ita kina rubuta irin waɗannan, don masu faɗinsu suna ƙarewa.

Tunda mun shiga tsofaffin kalmomi, ga wata da za ki ci karo da ita a littattafan Turawa na da: guinea. Kuɗin zinariya ne da aka fara bugawa a 1663, daga baya darajarsa ta tsaya a sule ashirin da ɗaya. Sunan daga Gini ne, gaɓar tekun Afirka ta Yamma inda ake kwaso zinariyar. An daɗe da daina buga shi, amma har yau da shi ake faɗin farashi a gwanjon dawakin sukuwa a Ingila.