Hukuncin sakin takarda da auren takarda don samun girin kad

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya kara lafiya da nisan kwana. Ni mutumin Kumasi ne amma ina zaune a Bronx ta birnin New York, bizata ta kare tuntuni. Akwai wata mata yar kasa da ta yarda muyi aure a rajista in biyata kudi, ba zama zamuyi ba, in na samu girin kad (katin izinin zama a Amurka) kowa ya kama gabansa. To matsalar ina da mata a gida da yara uku, ance dole in kawo takardar kotu cewa na saketa. Wallahi Malam a zuciyata ban saketa ba, ita ma ta sani, niyyata in takarda ta fito in dauko su. Meye hukuncin wannan?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Dan uwa Allah ya yaye maka wannan kunci, nasan zaman mutum ba takarda ba karamin tashin hankali bane, kullum gabanka na faduwa, ga iyali an bari a gida suna jiran aike. Amma tunda ka tambaya zan fada maka gaskiya, wannan abin bai halatta ba, kuma bari in fara da maganar uwargidanka don ita tafi damuna, kai kuma naga kamar ita ka dauka da sauki.

Manzon Allah (SAW) yace abu uku gaskensu gaske ne wasansu ma gaske ne: aure da saki da kome. Abu Dawud da Tirmizi da Ibn Majah suka ruwaito. Kaga kenan maganar "a zuciyata ban saketa ba" bata da wurin zama in har bakinka ya furta ko hannunka ya rubuta. In ka shiga kotu ka tsaya gaban alkali kace na saki matata, ko ka rubuta da hannunka ka aika, to a mazhabarmu ta Malikiyya igiya daya ta tafi, idda ta fara kirguwa daga ranar. Kuma shirin naka ba na wata uku bane, na shekaru ne, idda zata kare bakayi kome ba, ta zama ba matarka ba, kai kuma kana can kana kiranta a waya kuna hira irin ta miji da mata, ka samu dama kazo gida ka sauka a dakinta. Subhanallah. A cikin ayoyin saki din nan ne fa Allah yace kada ku riki ayoyin Allah abin wasa, Bakara aya ta 231.

In kuma kace ai ba zanje kotu ba, wani ne zai hada min takardar a buga mata hatimi, to nan saki bai auku da takardar ba tunda ba kai ka furta ba ba kai ka rubuta ba, sai dai ka fada shaidar zur wadda Annabi (SAW) ya lissafa cikin manyan kaba'irai yana ta maimaitawa har sahabbai suka ce ina ma yayi shiru. Sannan dole wata rana ka daga hannu gaban ofisa ka rantse cewa ka rabu da ita, malamai sunyi sabani ko ikirarin karya yana aukar da saki tsakanin bawa da Ubangijinsa, amma in magana ta kai gaban alkali da ikirarinka za'a kamaka. Wata baiwar Allah ta taba zuwa wajena da irin wannan takarda a ninke cikin leda, mijin ya rasu a waje, danginsa suka ce bata da tumunin gado tunda ga shaidar saki da sa hannunsa, tana kuka tana cewa Malam shi yace min ta turawa ce kawai. Wanda zai gaskata ta yana kabari. Har yau in na tuna matar nan sai jikina yayi sanyi.

Sai auren ita waccan. In rajista kawai kukayi ba waliyyi ba sadaki ba shaidu, to a shari'a ba matarka bace, ajnabiyya ce, alhali hukumar shige da fice ta Amurka wato USCIS ba da takardar aure kadai take yarda ba. Bayan matar ta cika maka fom I-130 na nema wa miji izinin zama zasu nemi hujjar cewa zama kuke na gaske, hayar gida da sunanku biyu, asusun banki daya, hotuna kuna rungume da juna, ranar intabiyu in sunyi shakka su rabaku daki daban daban a tambayi kowa abinda kukaci jiya da dare da bangaren gadon da yake kwana. Dole ku kebe ku haddace karya tare, to ina tsoron Allah a nan? Kuma in auren bai kai shekara 2 ba katin da zasu baka na sharadi ne na shekara 2, sai kun sake cika wani fom I-751 na cire sharadin a cikin kwana 90 na karshe, wato a sake sabuwar rantsuwa kan tsohuwar karya.

In kuma kuka daura aure na shari'a da sharadin in takarda ta fito a rabu, wannan shine auren mutu'a da aka sa masa wa'adi, Annabi (SAW) ya haramta shi har tashin kiyama kamar yadda yazo a hadisin Sabra Aljuhani a Muslim. Wasu kuma sai su boye niyyar, su yaudari mace tana sonsu da gaske, ranar da kati yazo hannu su bace. Majalisar fikihu ta Rabida (kungiyar Musulmin duniya) a zamanta na Makka a 2006 ta hana auren da aka kulla da boyayyar niyyar saki saboda ha'incin dake ciki, kuma wanda ya ha'incemu baya cikinmu inji Manzon Allah (SAW). Ko ba musulma bace zalunci zalunci ne.

Nasan za'a ce maka ai lalura ce. Lalurar da take halatta haram itace wadda ake tsoron halaka ko abinda ya kusa da ita, kai kuma kasarka lafiya lau take ba yaki ake ba, neman karin arziki ne, kuma da biza ka shiga kasar mutane wato da alkawari, Allah yace ku cika alkawura a farkon Ma'ida. Ko ta fuskar duniya ma ba riba bace, dokar Amurka tun 1986 ta tanadi daurin da zai iya kaiwa shekara 5 ko tarar da zata kai dala 250,000 ko duka biyun, kuma wanda aka tabbatar yayi auren bogi ba'a sake amincewa da wata bukatar da wani zai shigar masa ko da daga baya yayi auren gaskiya. Wadanda kake son daukowa din sai ka rufe musu kofar da hannunka.

Kada a fahimceni ba daidai ba, saurayi ko wanda bashi da mata ya auri yar kasa aure na gaske da niyyar zama, ko da takarda na cikin abinda ya ja hankalinsa, ba laifi, ai ana auren mace don dukiyarta ma. Kai naka daban ne don dokarsu bata san mata biyu ba, ba yadda zakayi sai da saki ko karya.

Abinda nake baka shawara, kada ka sa hannu a komai, in ka bada kafin alkalami ka nemi kudinka ko ka barshi don Allah. Ka samu lauyan shige da fice mai lasisi, ba dillalan bakin titi ba, ka fada masa gaskiyar halinka ya duba ko akwai hanyar da doka ta yarda, in babu ka tattara abinda Allah ya baka ka koma wajen yaranka. In kuwa ka riga ka furta ko ka rubuta sakin, ka rubuto min ranar da lafazin da kayi amfani dashi daidai yadda ya fito, da ko ka taba sakinta a baya, mu lissafa idda mu gani ko kome zakayi ko sai an daura sabon aure da sabon sadaki.

Wallahu a'alam.