Sai Gero Ya Shiga Rumbu

Ɗana, na ga saƙonka. Ashe har yanzu abin nan na watan Agusta yana ranka. Ka ce ku samarin garinmu da ke karatu a Katsina da Zariya kun haɗa kuɗi don shirya gasar ƙwallo da kokawa a gida lokacin dogon hutu, kuka je wa Mai gari da maganar, ya ce muku a'a, sai gero ya shiga rumbu. Yanzu ga kaka ta yi, ku kuma kun koma makaranta. Kana tambayata ko wannan jira addini ne ko camfi ne irin na mutanen da, har da cewa kun duba waya kun zaɓi ranakun da ba za a yi ruwa ba. Da na zo kan maganar wayar nan sai da na yi dariya har innarka ta leƙo ta tambayi ko lafiya. Daga baya kuma jikina ya yi sanyi, don na tuna jikan Sarkin noma ne ke yi mini wannan tambaya.

Wa ya gaya maka ruwan sama Mai gari yake gudu? Ka zo garinmu a Agusta ka duba, in ban da filin firamare ina fili yake? Shuka ce har gindin katanga. Samarin da za su yi kokawar su ne dai masu riƙe da fartanya, ana tsakiyar maimai, ciyawa na neman cinye gyaɗa. Wanda ya gurɗe a fage cikin marka, wa zai nome masa gona? Ga sauro, gida ɗai-ɗai ne babu mai kwance da zazzaɓi. Uwa uba, lokacin ne rumbu ke komawa gindi. Hatsin bara ya ƙare, na bana yana tsaye kore shar amma bai zama abinci ba. Kakanku, Allah ya jiƙansa, in muka yaba gona a irin wannan lokaci sai ya ce, "Hangen Dala ba shiga birni ba ne." In muka nemi zuwa dandali da dare kuma ya ce, "Ku kwanta, sai da ruwan ciki ake jan na rijiya."

Shi bai taɓa riƙe kalanda ba, amma ban ga ya yi kuskuren lokaci ba. Shamuwa in ta sauka kan tsamiyar ƙofar gida, ya san a gyara iri. Gawo kuwa, da ake wa kirari da ya ƙi ruwan Allah, yakan kaɗe ganyensa da damina, to ranar da kakanku ya ga ya fara toho sai ya ce ruwa ya kusa ɗaukewa. Daga nan agazari ya shigo da zafin nan nasa mai dafa mutum, wanda shi ke nunar da hatsi. Sai shamuwa ta tafi ba sallama. Sai ka wayi gari raɓa ta jiƙa maka wando har gwiwa, iskar da ke zuwa daga kudu ta kwanta, ta gabas ta fara motsi, leɓe ya fara bushewa. Da dare yakan nuna mana kaza da 'ya'yanta suna tasowa ta gabas bayan isha'i, ya ce, "To, ga mayafi nan tafe." Yanzu hukumar hasashen yanayi tana faɗin lokacin saukar damina tun farkon shekara, ina saurare a rediyo kuma ina amfana, ban raina ba. Sai dai waya za ta gaya maka ko za a yi ruwa ranar Asabar, ba za ta gaya maka saura tiya nawa a gidan maƙwabcinka ba.

Kuma ka lura, lissafi biyu muke tafiya da su. Sallah tana bin wata, kowace shekara tana matsowa da wajen kwana goma sha ɗaya, sai ta yi shekara talatin da uku kafin ta zagayo inda ta tashi. Mun yi Sallah cikin marka da taɓo, mun yi ta cikin bazara kamar 'yan shekarun nan. Wannan ba a ɗaga ta, da yunwa da ƙoshi za a je Idi. Wasa kuwa da biki da tarewar amarya na mutane ne, su suka ajiye su inda suka ga za su iya, wato bayan girbi.

A 1971 lissafin biyu suka haɗu. Ƙaramar Sallah ta faɗo cikin Nuwamba, an gama ɗaurin gero, an ƙare roron wake, gyaɗa an kai ta kanti an karɓo kuɗi. Lokacin fam da sule ne, naira ba ta zo ba. An fitar da zakka, dami ɗaya cikin goma, an biya haraji, kowane magidanci ya samu kansa. Ranar Sallah bayan an sauko, Sarkin samari ya durƙusa gaban Mai gari na lokacin ya nemi izinin kalankuwa, aka ba shi, amma aka ce a jira wata ya kai sha huɗu don a samu haske. Aka raba goro zuwa ƙauyuka, har ƙetaren iyaka wajen Ɗan Isa da Madarunfa da Tsibiri. Iyakar nan a lokacin ba ta hana kowa zuwa cin tuwon ɗan'uwansa.

Ina ɗan saurayi, ban isa shiga fage ba sai na yara da ake fara buɗewa da su. Tun ana jibi baƙi suka fara shigowa, wasu a jaki, wasu a keke, mafi yawa a ƙasa. Ba wanda ya tambayi inda zai sauka, Sarkin samari ne ke rarraba su gida-gida. Mu aka ba mu wani Bagobiri daga wajen Tsibiri da yaransa da makaɗinsa, aka shimfiɗa musu a zaure, ni aka ɗora wa kai musu akushi da ruwa. Mutumin bai cika ido ba. Gajere ne, mai zube a kumatu, ƙafafunsa duk faso, ba ya son magana. Ya rataye walkinsa da kambunansa a jikin azara ya ce kada in taɓa. Kakarku ta tuƙa tuwon sabon gero da miyar kabewa da yakuwa, man shanu na yawo a kai, ta dama fura da nonon Fulanin da suka sauka a gonarmu don cin karmami. Yaransa suka ci har suka kwance ɗamara. Shi kuwa loma kaɗan ya yi ya sha fura, ya ce sauran a ajiye masa sai an tashi.

A gonar kakanku aka yi fagen, ta bayan gari, wadda yanzu aka yanka filaye. Mun wuni muna tumɓuke kututturen gero muna tsince ƙaya. Bayan isha'i wata ya fito fes, sanyi ya fara saukowa, aka hura wutar kara gefe-gefe. Makaɗa kan matsa kusa da wutar su gasa fatar ganga, don raɓa tana sa ta saki. 'Yan mata sun yi layi da sababbin zannuwan Sallah, masu ƙosai da rake da dafaffiyar gyaɗa sun kunna aci-balbal, dattawa na kan buzu a gaba. Aka fara da mu yara, sannan matasa, ana kaye ana guɗa, ƙura na tashi tana shiga maƙogwaro.

Sai can dare ya raba aka kira manya. Gwaninmu ɗan maƙera ne, ƙato, wanda ya shekara yana ɗaga masaba, bayansa bai taɓa taɓa ƙasa a garin nan ba. Ya fito ya yi kirari, mata suka rangaɗa guɗa, ya zagaya fage yana neman mai ja. Baƙonmu ya miƙe, ya ɗebi ƙasa ya murza a tafin hannu, ya shiga ba tare da ya ce uffan ba. Mutane har suna dariya. Suka sunkuya, kowa na lalubar wuyan ɗan'uwansa. Ɗan maƙera ya kama shi ya ɗaga sama, muka ce shi ke nan, sai ga mutumin nan ya saƙala ƙafa a cinyarsa ya manne, aka yi ta juyi da shi ya ƙi sauka ta baya. Ya dire a kan ƙafafunsa. Aka sake, aka kuma sakewa. Kiɗa ya tsaya, ba ka jin komai sai numfashinsu. Ina kusa, ina ganin gumi na gangarowa ta tsakiyar bayan ɗan maƙera duk da sanyin nan, gwiwarsa ta hagu ta fara rawa. Bagobirin ma ya gani. Ya yi kamar zai ja baya, namu ya biyo shi da nauyinsa duka, sai ya nutse ƙasa ya kamo ƙafar nan ya tura da kafaɗa. Ƙarar faɗuwar har yau tana kunnena. Fage ya yi tsit, sai makaɗinsa shi kaɗai yana kiɗa yana kuka don murna.

Samarinmu suka fara gunaguni, wasu na laluben sanduna. Kakanku ya miƙe daga kan buzu, ya ratsa fage, ya kama hannun baƙon ya ɗaga, ya ce ya ba shi dami biyar na gero. Baban wanda aka kayar, tsohon maƙeri, ya taso ya ƙara dami biyu da sabuwar fartanya. Daga nan kari ya ɓarke, mai wake na bayarwa, mai sule na bayarwa, aka kuma yi wa ɗan maƙera nasa don kada ya kwana da baƙin ciki. Da muka koma gida ina fushi na ƙi ɗaukar akushin da aka ajiye masa. Kakanku ya dube ni ya ce, "Ɗauki ka kai. An kayar da mu a fage, kana so a kayar da mu a akushi?" Na kai. Mutumin ya cinye tas, ya side hannu, ya ba ni sisi. Da safe sai da aka ara masa jaki na biyu.

To, ɗana, ku da kuka so kiran garuruwa a Agusta, wa zai ba da dami biyar? Baƙonka annabinka, in ji mutanen da. Kiran baƙo alhali ba ka da abin sa masa a gaba tozarta kai ne, kuma tozarta matan gida ne, don su za su sha kunyar tukunya.

Shekara biyu bayan wannan, a 1973, shekarar da naira ta fito, ruwa ya ɗauke gero na cikin bununi. Sallah ta sake faɗowa cikin kaka, ƙarshen Oktoba, wata ya yi haskensa yadda ya saba. Babu malamin da ya hana, babu Mai garin da ya hana, amma ba wanda ya je neman izini. Gangunan suna rataye har gara ta taɓa wasu. Samari suka watse cin rani tun kafin sanyi, wasu Kano, wasu Legas, shanun Fulani na mutuwa a bakin hanya. Ɗan maƙeran nan ya tafi Kurmi bai ƙara zama a gida ba.

Maganar addini da ka kawo, ba zan ɓoye maka ba, a wasu garuruwa an gauraya bukukuwan kaka da abubuwan Maguzanci, da yanke-yanke da bori, malamai suka yi wa'azi aka bari, kuma daidai ne da aka bari. Layu da kambun 'yan kokawa ma akwai magana a kansu, ka tambayi malaminku. Amma ban taɓa jin kakanku ya ce wani abu zai kama wanda ya yi kiɗa da damina ba. Cewa yake yi, "Mai wasa da damina, rani zai yi wasa da shi." Ko gwamnatin Nijar da ta mayar da kokawa gasar ƙasa a 1975, aka fara a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi, ai ba cikin damina take tara jihohinta ba, sai an kawar da amfanin gona.

Abin da ke damuna da ku shi ne kun san ranar da za a buɗe gasar Ingila cikin Agusta, kun san wanda aka saya da wanda aka sayar, amma in na tambaye ka tsakanin gero da maiwa da dawa wanne ke riga nuna sai ka tsaya tunani. Laifin ba naku ba ne ku kaɗai. Mu muka kai ku makarantar da ke ba da hutu lokacin da gari ke cikin yunwa, ta kuma kira ku aji lokacin tumu da sabon wake. A birni ga gidajen dambe nan a Kano da Abuja, ana bugawa rani da damina, a sayi tikiti a shiga, ɗan wasa ya karɓi kuɗinsa ya kama gabansa, babu zauren da ya sauka balle ya san sunan mai gidan. Ina kallo wani lokaci a wayar ƙannenka, akwai gwanaye, amma raina ba ya kwanciya.

Kuma akwai abin da wataƙila Mai gari bai faɗa muku ba don yana ganin ku yara ne. Ka san halin da yankinmu na Jibiya yake ciki. Dawa in ta yi tsawo tana ɓoye mutum da babur ɗinsa, ba a ganin mai zuwa sai ya iso. Tara jama'a a irin wannan lokaci nauyi ne a wuyansa, shi za a tambaya in wani abu ya faru. Ko yanzu da aka yi girbi ban ce zai yarda da wasan dare ba.

Ƙwallon dai, in ku kaɗai ne a filin firamare da yamma, ban ga abin da zai hana ba, amma wannan tsakaninku da shi ne, ni ba zan shiga gabansa ba. In kun samu hutun Disamba ka zo mu je tare, ka riƙo goro, kuma ka bar ni in fara magana. Kuɗin da kuka tara kada ku taɓa su. Ka gaishe da mahaifiyarka, ka ce mata waken da ta sa a saya mata yana nan na sa an zuba a buhu mai leda, ta aiko a ɗauka kafin farashin mota ya ƙara tashi.