Ki Tambayi Anti: Mu ƙara kuɗin biyan bashin gida ko mu fara gyara zaman gidan?

Assalamu alaikum Anti, ya aiki ya iyali. Dan Allah inaso ki raba mu gardama ni da maigida, ba wai faɗa muke ba amma duk daren da aka taɓo maganar sai kowa ya juya baya ya kwanta. Bara muka baro haya a Lugbe muka tare a gidanmu na kanmu, wani ƙaramin rukunin gidaje ne can gaba da Kuje a gefen wani ƙauye, in kin leƙa ta katanga gonakin doya da masara ne har iya ganinki. Maigida ma'aikacin gwamnati ne, shekarunsa 40, ta asusun gidaje na ƙasa, wato NHF, ya samu lamunin naira miliyan 10 da za a biya cikin shekara 20, ana cire masa dubu 71 da 'yan kai duk wata. Toh daga watan jiya sai ya ce zai riƙa ƙara dubu 20 a kai don bashin ya ƙare da wuri, kuma kuɗin cefane ya taɓa, yanzu nama sai ranar Juma'a, gas ya ƙare mun koma gawayi, yara uku ga makaranta. Ni ba zama nake ba, ina da kajin gida da awaki uku, na shuka zogale da alayyahu da kuɓewa a bayan gida, ina ɗan sayar da ƙwai. Abinda yafi cin mu shine ruwa, kura ɗaya ta 'yan garuwa dubu ɗaya da ɗari biyar kuma kwana biyu take mana. Maƙwabta sun ce mu haɗu gida biyar mu haƙa rijiyar burtsatse da sola, kowa ya kawo dubu 300, shi kuma ya ce sai an gama da banki, wai baya iya barci da bashi mai ruwa a kansa. Anti waye mai gaskiya a cikinmu?

Wata 'yar'uwa daga Kuje

Wa'alaikumussalam ƙanwata, Allah ya sanya albarka a gida ya sa ku ci moriyarsa. Kafin in ce komai bari in fara ba maigidanki haƙƙinsa don abinda ya gani gaskiya ne. Lamunin NHF na bankin bada lamunin gidaje na tarayya, wato FMBN, kashi 6 cikin 100 ne kuɗin ruwansa a shekara. A kan miliyan 10, a watan farko kaɗai dubu 50 daga cikin dubu 71 ɗin nan kuɗin ruwa ne, dubu 21 da ɗari shida ne kawai ke taɓa uwar kuɗin. Ki duba shekarar da ta wuce, an cire masa wajen dubu 860, amma in ya je ya tambayi saura nawa za a ce masa miliyan 9 da dubu 730 da wani abu, wato abinda ya ragu bai kai dubu 270 ba. Duk namijin da ya ga wannan takardar dole gabansa ya faɗi. In aka bar bashin ya yi shekara 20 ɗinsa cif, kuɗin ruwa kaɗai zai haura miliyan 7. In kuwa ya ci gaba da ƙara dubu 20 daga yanzu ba fashi, shekara 19 da suka rage za su dawo kusan 12 da wata 8, kuma wajen miliyan 2 da dubu 400 za su tsira a aljihunsa. Don haka kar ki ɗauka rigima ce kawai irin ta maza, ya yi lissafi.

Amma lissafin nasa a takardar banki ya tsaya, bai leƙa tsakar gida ba, kuma ke da kanki kin rubuta amsar a wasiƙarki baki lura ba. Kura ɗaya duk kwana biyu a kan dubu ɗaya da ɗari biyar, a wata dubu 22 da ɗari biyar kenan, ya ma fi abinda yake ƙara wa bankin. Ku ce ya dakatar da ƙarin nan na wata 15 ya riƙa tara dubu 20 ɗin a gefe, dubu 300 ta cika, a haƙa rijiya. Daga ranar da famfo ya kawo ruwa kuɗin 'yan garuwa ya dawo hannunku, ku ware dubu biyu da ɗari biyar na gyaran famfo da wankin tanki don dole wata rana wani abu ya lalace, sauran dubu 20 a haɗa da nasa 20 ɗin ya zama dubu 40 ake ƙarawa duk wata. Na zauna na buga, ta wannan hanyar bashin zai ƙare cikin kusan shekara 10 da wata 4 daga yau, har da wata 15 ɗin da aka tsaya a ciki. Kinga ya riga nasa tsarin da fiye da shekara biyu, ga ruwa a gida, ga lambun bayan gida zai rayu da rani maimakon ya bushe daga Disamba, awaki ma su sha su ƙoshi. In kika sayar da akuya biyu dab da babbar salla lokacin da dabba ke daraja, wata 15 ɗin ma ba za ta cika ba. Sai dai fa maganar haɗaka da maƙwabta, ku rubuta ta a takarda kowa ya sa hannu, a filin wa za a haƙa, wa ke riƙe makullin, yaya za a yi in wani ya sayar da gidansa ya tashi, don an sha ganin rijiyar haɗin gwiwa ta raba zumuncin da ruwan sayarwa bai raba ba.

Sannan akwai abinda mutane da yawa basa so a faɗa, bashin kashi 6 a ƙasar nan yanzu ba shi ne ke cinye ku ba. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayun 2023 litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 har ta haura dubu a ƙarshen 2024, hauhawar farashi a shekarar ta wuce kashi 30. Shi kuwa dubu 71 ɗin nan yana nan a dubu 71, ba ya motsi, ko buhun siminti ya ninka ko kuɗin mota daga Kuje zuwa sakatariya ya ninka. A 2024 aka mayar da mafi ƙarancin albashi dubu 70 daga dubu 30, kuma nan da shekara goma Allah kaɗai ya san me dubu 71 za ta iya saya. Ma'ana kullum bashin ƙara sauƙi yake a kan albashi, cefane kuma ƙara nauyi. Shi ya sa hana yara nama da ƙwai yau don a biya kuɗin da gobe zai fi araha bai kwanta min ba sam.

Maganar barcinsa kuwa ba zan yi wasa da ita ba. In damuwarsa ta riba ce, wannan ba abin da alƙalami zai warware ba ne, ya samu malamin da ya yarda da iliminsa su zauna, kuma son fita daga bashi mai ruwa da wuri dalili ne mai ƙarfi ko da lissafi bai goyi baya ba, balle ga shi hanyar rijiyar ma ita ce ta fi saurin fitar da shi. Haka za ki shigar masa da maganar, kar ki ce masa ya daina biya, ki ce Baban yara ga yadda za mu gama da su tun kafin babbar 'yarmu ta shiga jami'a, ki ajiye masa takardar lissafin bayan ya ci abinci ya huta, ba lokacin da ya shigo a gajiye daga cunkoson hanyar filin jirgi ba.

Kuma duk ranar da zai koma ƙarin, ya kula da abu ɗaya don nan ne ake yi wa mutane sakiyar da ba ruwa. Kuɗin NHF ba kai tsaye ake karɓa ba, ta hannun wani bankin lamunin gidaje yake biyowa, can zai je ya rubuta takarda cewa ƙarin da yake turawa a cire shi daga uwar kuɗi, ba a ajiye shi a matsayin biyan watan gaba ba, don in aka ajiye shi haka ruwan bai ragu da ko kwabo ba, kuɗinsa ne kawai ke kwance a wajensu. Ya tambaya ko akwai tara ga wanda ya biya da wuri, ya buɗe takardar yarjejeniyar da ya sa wa hannu ya karanta da idonsa. Ya ce shekarun yake so a rage, ba abinda ake cirewa duk wata ba. Sannan duk bayan wata shida ya karɓi takardar da ke nuna saura nawa, ya haɗa ta da rasit da takardar albashi a jaka ɗaya, don yakan faru a cire kuɗi daga albashin mutum amma ya daɗe bai isa inda aka nufa ba, sai an zo ritaya ake ta neman takardu.

Hatsi ma ki sa shi a tsarin. Kuna zaune a tsakiyar manoma, da kaka daga Nuwamba zuwa Janairu ki sayi masara da dawa da waken da za ku ci na shekara a hannunsu ko a kasuwar ƙauye, ki tabbatar ya bushe sosai, in kin ciji ƙwaya ki ji ta fashe ƙas ba ta lotse ba, ki zuba a buhun PICS mai leda biyu a ciki, ki matse iska ki ɗaure kowace leda daban, ki ɗora a kan katako nesa da bango da ɓera. Ba sai kin sa maganin ƙwari ba, rashin iska ke kashe su. Amma na ci kawai za ki saya ba na ɓoyo don riba ba, waɗanda suka cika ɗakuna da masara suna jiran tsada sun ji a jikinsu a 2025 da farashi ya sauko. Kuma ko da dubu biyar biyar ne ku tara kuɗin ko-ta-kwana da ba a taɓawa, don daga inda kuke in yaro ya tashi da zazzaɓi cikin dare sai an nemi mota zuwa Kuje ko asibitin koyarwa na Gwagwalada, kuɗin da aka riga aka tura wa banki kuwa ba ya dawowa ranar.

Anti barka da aiki. Ni ɗan kasuwa ne a Dei-Dei, na ci bashin miliyan 3 a bankin kasuwanci na ƙarasa ginina a wajen Zuba, ruwan kashi 24 ne. Abokaina suna cewa kar in yi gaggawar biya tunda naira faɗuwa take. Haka ne?

Wani ɗan'uwa daga Zuba

Alhaji abokanka maganar wani bashin suka ɗauko suka ɗora maka. Kashi 24 a kan miliyan 3 dubu 60 ne duk wata kuɗin ruwa zalla, ya fi kuɗin ruwan da mai miliyan 10 na NHF ke biya, kuma da yawa daga irin wannan bashin banki na da damar ƙara ruwan in Babban Banki ya ɗaga nasa, ka duba takardarka za ka gani. In ba ka da tabbacin jarin shagonka na kawo maka fiye da haka bayan an cire haya da kuɗin yaran shago da asara, duk rarar da ta shigo ka kai musu, ka bar abin juya kaya kawai da na cefanen wata biyu ko uku. Nan gaba in za ka sake nema ka leƙa bankunan da basa harka da ruwa irin Jaiz da TAJ ka ji sharuɗɗansu, amma ka lissafa jimlar abinda za ka biya daga farko har ƙarshe kafin ka sa hannu, su ma ba kyauta suke bayarwa ba.

Salam Anti. Ni malamar makaranta ce, shekara da shekaru ana cire min NHF, na sayi fili a wani ƙauye ta wajen Kwali a hannun mai unguwa, akwai takardar ciniki da shaidu. Zan iya samun lamuni in gina?

Wata malama daga Kwali

Malama kashi biyu da rabi da ake cire miki tun da daɗewa ya baki damar nema, dokar asusun tun 1992 take kuma wata shida na biya ake buƙata kafin mutum ya cancanta. Matsalar a filin take. A Abuja ministan babban birnin tarayya ne kaɗai ke da ikon bada fili, takardar mai unguwa da shaidu komai yawansu banki ba zai karɓe ta jingina ba, takardar mallaka ta gwamnati yake nema. Kafin ki sa bulo ɗaya ki je ofishin AGIS, hukumar da ke riƙe bayanan filayen Abuja, a bincika miki ko wurin yana cikin filin da aka riga aka ba wani ko aka ware wa wani aiki, gara ki ji yanzu da ki ji ranar da aka shafa jan fentin rusau a katanga. In filin bai da takarda, ki duba gidajen da aka riga aka gina a rukunin da ke da takardunsu, FMBN na da tsarin da mutum ke shiga gida yana biya kamar haya har ya zama nasa. Kuma tun 2022 hukumar fansho ta PenCom ta yarda ma'aikacin da ya yi aƙalla wata 60 ana zuba masa ya ciri har kashi 25 na kuɗin asusun fanshonsa ya biya kason farko na sayen gida, sai dai ki sani abinda kika cira yau zai rage abinda za ki riƙa karɓa bayan ritaya, ki sa kamfanin fanshonki su buga miki lissafin duka biyun a takarda kafin ki yanke shawara.