Ɗan haya ya ƙi tashi, mai gida yana Abijan: me salula za ta iya yi?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mutumin Tawa ne, ina kasuwanci a Abijan, kuma ina da gida a unguwar Bukoki a Yamai wanda na ba wani mutum haya a kan jika 60 kowane wata. Ba mu rubuta takarda ba, duk maganarmu ta WhatsApp muka yi ta, yawanci da saƙon murya, kuɗin kuma yana aika wa ƙanena ta kamfanin aika kuɗi na NITA. Yau wata 7 bai biya ba, na ce ya tashi ya ƙi, sannan ya kunna abin nan da ke sa saƙo ya ɓace da kansa, yana faɗa wa maƙwabta cewa ya goge komai, ba ni da shaida. Ana iya dawo da saƙonnin? Kuma hoton fuskar waya zai wadatar a gaban alƙali?

Amsa: Wa alaikumus salam, Alhaji. Ka kwantar da hankalinka, domin mutumin nan bai goge komai daga wayarka ba. Abin da ya share a tasa wayar, a can ya tsaya. WhatsApp yana barin mutum ya janye saƙon da ya aika daga ɓangarori biyu ne kawai a cikin kimanin kwana 2 da aikawa, saboda haka muryar da ya turo maka bara yana amincewa da jika 60 tana nan sai dai in kai ka taɓa ta. Tsarin ɓacewar saƙo da ya kunna, wanda wayoyinmu masu Faransanci suke rubutawa "Messages éphémères", yana aiki ne a kan sababbin saƙonni, bayan awa 24 ko kwana 7 ko kwana 90, ba ya komawa kan tsofaffi. Kai ma kana da ikon kashe shi: ka taɓa sunansa a saman hirar, za ka gan shi a jerin da zai fito. In ya sake kunnawa, ka sake kashewa, duk saƙon da ya shigo kuma ka adana shi tun ranar.

Aikin da ya fi gaggawa shi ne fitar da hirar daga cikin wayar. A Android ka buɗe hirar, ka taɓa ɗigo ukun nan na sama, ka shiga "Plus", ka zaɓi "Exporter discussion", ka aika wa kanka ta imel. Ka yi sau biyu, ɗaya da rubutu zalla, ɗaya haɗe da hotuna da muryoyi, domin idan hirar ta yi tsawo na biyun yakan ɗauki na baya-bayan nan ne ya bar tsofaffi. Muryoyin da ke ɗauke da asalin yarjejeniyar, wato ranar shiga gida, adadin kuɗi, da inda ya yi alkawarin biya, ka tura su ɗaya bayan ɗaya zuwa imel ɗin, ka rubuta ranar kowace. Idan kwamfuta ta ƙi buɗe su, manhajar VLC tana karanta su, kuma kyauta ce.

Kada kowa ya ba ka shawarar cire WhatsApp ka sake sa shi da sunan dawo da abin da ya ɓace. Ajiyar hirarrakin WhatsApp da ke Google Drive guda ɗaya ce, sabuwa tana hawa kan tsohuwa, kuma idan ajiyar ta tsaya watanni da suka wuce ba ka sani ba, garin neman gira sai a rasa ido. Manhajojin da ake tallatawa wai suna dawo da saƙon da aka goge su ma ka rabu da su. Abin da suke yi shi ne karanta duk sanarwar da ke shigowa wayarka, har da lambobin sirri na banki, kuma saƙon da ya ɓace kafin ka sa su ba su san da shi ba. Shi kansa kamfanin WhatsApp ba zai ba ka kwafi ba, saboda saƙonnin a kulle suke tafiya daga waya zuwa waya.

Akwai haɗarin da masu zaman waje ba su cika lura da shi ba. Idan WhatsApp ɗinka yana kan lambar Nijar mai farawa da +227, alhali layin yana cikin akwati an daɗe ba a yi amfani da shi ba, kamfanin waya yana iya karɓe lambar ya sayar wa wani, kuma ranar da sabon mai ita ya buɗe WhatsApp za a fitar da kai. Ka riƙa raya layin da ɗan kati, ka kuma kunna lambar sirri mai alƙaluma 6 a saitin WhatsApp, ƙarƙashin "Vérification en deux étapes".

Game da hoton fuskar waya, yana da amfani amma shi ne mafi rauni cikin abin da kake da shi, domin yaro mai wayo zai ƙirƙiri irinsa cikin minti kaɗan, kuma lauyan ɗan hayar ya san haka. In za ka ɗauka, ka tabbata lambar mutumin ta fito, ba sunan da ka laƙaba masa kawai ba, da rana da lokaci, ba tare da yanke gefe ba. Abin da ya fi nauyi shi ne jami'in shari'ar nan da muke kira huissier ya duba wayar da idonsa ya rubuta abin da ya gani, don haka kada ka sayar da wannan wayar ko ka ba yaro ita har sai an gama. A ganina ma shaidarka mafi ƙarfi ba a WhatsApp take ba, tana hannun ƙanenka. Kowace aika ta NITA tana da sunan mai aikawa, da rana, da adadi, da lambar aika. Mutumin da ya yi ta tura jika 60 a farkon kowane wata sannan ya daina, takardun da kansu sun nuna akwai haya, sun nuna farashinta, sun nuna watan da biya ya tsaya. Ƙanenka ya tattara su, da saƙonnin da suka shigo wayarsa, ya jera su wata bayan wata a takarda guda.

Sai maganar wakilci. Muryarka a waya kana cewa ƙanenka ya tsaya maka ba za ta ba shi tsayuwa a kotu ba. Ka je ofishin jakadancin Nijar da ke Abijan a tabbatar da sa hannunka a kan takardar wakilci, a rubuta a fili abin da ka ba shi: karɓar haya, ɗaukar lauya, isar da takardar gargaɗi, shigar da ƙara. Kada a sa sayar da gida ko jinginar da shi a ciki, ko da uwa ɗaya uba ɗaya kuke. Manhajar Google Drive tana da wurin ɗaukar takarda da kyamara ta mai da ita PDF. Ka tura wannan don lauya ya fara shiri, asalin kuma ya biyo ta hannun amintacce. Daga nan a fara da mai unguwa, tunda doka ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta irin wannan rikici, a kuma rubuta abin da aka cimma. In sulhu ya ƙi, alƙali ne kaɗai zai yanke hukuncin tashi, huissier kuma ya zartar. Masu ba da hayar shago su lura cewa nasu yana ƙarƙashin dokar kasuwanci ta OHADA (ƙungiyar ƙasashen Afirka masu dokokin kasuwanci na bai ɗaya), wadda sashenta na 133 ya wajabta gargaɗi a rubuce da jiran wata guda kafin a nemi kotu ta warware hayar.

Tambaya: Malam, ina zaune a Jidda, gidana yana Tawa, ɗan haya ya ƙi fita. Mitar wutar irin wadda ake saya wa kati ce, kuma da sunana take. Zan iya rufe ta daga nan? Ɗana kuma ya ce a sa kyamara a tsakar gidan, ko a sa hoton mutumin a Facebook don ya ji kunya.

Amsa: Hajiya, irin wannan mita lambobi ake danna mata, kuma duk wanda ya san lambar mitar yana iya sayen wuta, saboda haka babu maɓallin da za ki taɓa daga Jidda ta mutu. Ko da akwai ma, ba zan nuna miki shi ba. Yanke wuta ko ruwa, cire ƙofa, ko canza kwado kafin hukunci yana mai da mai gida wanda ake ƙara, sai wanda ake bi bashin haya ya koma mai neman diyya. Abin da ya dace wakilinki ya bincika shi ne ko akwai bashin ruwa da ke taruwa da sunanki, a haɗa shi cikin abin da za a nema a kotu.

Kyamara a tsakar gidan da wani yake zaune da iyalinsa leƙen asiri ne, ko gidan naki ne, kuma abin da ta ɗauka zai fi cutar da ke a gaban alƙali fiye da ya taimake ki. Maganar Facebook ta fi wannan haɗari. Nijar tana da dokar laifukan intanet tun 2019, kuma a watan Yunin 2024 aka maido da hukuncin ɗauri a kan ɓata suna da zagi ta hanyoyin sadarwa na zamani. Ɗanki da ke Tawa shi ne jandarma za su iya kaiwa gare shi, ba ke ba. Ki ce masa ya bar hoton, ya ɗauki takardun biyan haya ya kai wa lauya, sannan duk saƙon da za ku aika wa ɗan hayar daga yau ya zama rubutacce, gajere, mai ɗauke da adadin bashi da rana, babu zagi babu barazana, domin shi ma yana iya fitar da hirarku ya kai kotu kamar yadda za ku yi.